Alassan Direba da Fasinjojin da Kowa Ke Gudu

Da an sallame sallar asuba, Alassan Ɗan'azumi yakan nufi tashar Gaya da bokiti a hannu. Sauran direbobi na shan shayi, shi yana goge kujerar bayan motarsa da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, ya shimfiɗa leda, ya ɗora zane mai tsabta. 'Yan kamasho sun san ba a sayar da wannan kujera. Ta masu ciwon kansa ce, cutar da muke kira daji, waɗanda aka tura asibitin Yamai.

Ba haka ya fara ba. A da babbar mota yake ja tsakanin Kwatano da Gaya, ya yi makonni bai kwana gida ba. Matarsa Salima ta ji wani ƙullutu a nononta, bai fi ƙwayar gujiya ba, kuma ba ya zafi. Ta yi shiru. Da ya girma, danginta suka ce jifa ne, suka ƙetare gada da ita zuwa Malanbil wajen mai magani. Aka tsaga, aka cusa gari. Wurin ya fashe, ya ƙi rufewa. Ranar da 'yar'uwarta ta kai ta tasha don a tafi Yamai, fasinjoji suka toshe hanci, direban ya sauke ta da 'yar'uwar a bakin ƙofar tasha. Direban abokin Alassan ne.

Da Alassan ya dawo ya kai ta Yamai da kansa. Likita ya duba, ya ja shi waje.

"Baba, me ya sa sai yanzu? Da tun yana ƙarami ne, da an yanke, an yi magani. Yanzu ya kai huhu."

Salima ba ta ga damina ba. Alassan ya bar babbar mota, ya koma jigilar mutane.

Hamza mai shayi ya shaida abin da ya faru ranar da aka kawo Nasiba daga Karakara, ƙirjinta naɗe da tsumma, ƙudaje na bin ta. Wani ɗan kasuwa da ya riga ya zauna ya leƙo ta taga.

"Direba, ko ita ko mu. Wannan wari ba ya shaƙuwa."

Alassan bai ɗaga murya ba. Ya hau saman mota, ya kwance kayan mutumin, ya ajiye masa a ƙasa.

"Alhaji, ga motoci nan birjik, kowace za ta ɗauke ka. Ita kuwa, wannan ce kawai gare ta." Ya juya ga Nasiba. "Shiga, ɗiyata. Kada ki ji kunyar kowa."

Wasu suka bi Alhajin. Motar ta tashi rabinta ba kowa.

An cire wa Nasiba nono. An sa mata shimiyo, ruwan maganin da ake ɗurawa ta jijiya, gashinta ya zube, ta riƙa amai tun daga Yamai har Doso. Ta ce ta fasa, gara ta mutu a ɗakinta. Alassan ya bi ta har Karakara, ya durƙusa gaban mijinta.

"Maganin ne ke yaƙi, shi ya sa take jin jiki. Gashi zai dawo. Kuma yanzu akwai na'urar gasa wurin a Yamai, wadda babu ita lokacin matata. Kada ku tsaya a tsakiya."

Ta ƙarasa. Bara an gan ta tana sussukar hatsi.

Sai dai irin Nasiba ba su da yawa. Mafi yawa sukan iso tasha bayan ciwon ya gama cin jiki. Harun masunci, wanda makogwaronsa ya toshe har ruwa ba ya wucewa, ya cika a hanya kafin Birnin Gaure. Alassan ya tsaya, ya rufe masa idanu, ya juyo da mota. Wasu ya kai su da ƙafafunsu, ya dawo da su a naɗe. A gari har aka fara ce wa motarsa makara, mata na janye 'ya'yansu in ta wuce. Ya ji, bai daina ba.

Kai ne, Alassan, ka tsaya tsakiyar maza a tasha kana cewa su tambayi matansu ko akwai ƙullutu, ana yi maka dariya. Kai ne ka wanke jinin da ba na danginka ba, ka kai gawa ƙofar gidan da ba ka taɓa shiga ba, ka tsaya aka yi mata salla. Na Salima, mai ɗaukar wanda aka sauke. Mun gode. Allah Ya saka maka, Ya jiƙan waɗanda ka rako.

A watan nan yanar ido ta sa ya ajiye tuƙi. Cutar kuwa ba ta ajiye komai ba. Direbobin Gaya, ku ne kuka rage. Akwai wata Zeinabu a Bana, mai 'ya'ya ƙanana, da aka gano nata da wuri, likita ya ce akwai fata. Ranar Talata ake jiran ta a Yamai. Jiya mijinta ya zagaye tasha yana tambayar wa zai ɗauke ta, kowa ya ce sai ya yi shawara.