Mai zanen garuruwanmu a Sotega

A Sotega, wata unguwa a Libreville ta ƙasar Gabon, bayan shagon wani tela, akwai mutumin da ke zana mana garuruwanmu. A Libreville aka haife shi, ɗan wani falke ne daga yankin Maraɗi, bai kuma taɓa taka ƙasar babansa ba. In ka je, sai ya zaunar da kai a benci, ya ce ka fara daga ƙofar gidanku ka bi hanyar rijiya, kana faɗa yana jan fensir a katako. Ba ya sa mutum ko dabba, shi ya sa Alhazai ke rataye zanensa har a ɗakin da suke salla.

Matsalarsa ɗaya ce: idonsa na Gabon ne. Kukar da yake zanawa miƙaƙƙiya ce kamar itacen daji, ciyawa har gindin rumbu, sama kullum da hadari. Wani dattijo mai shago a unguwar Nzeng-Ayong ya daɗe yana kallon zanen garinsu, sannan ya ce, "Ɗana, da garinmu haka yake, me zai kawo ni nan?" Duk da haka ya ɗauka, ya rataye bisa buhunan shinkafa.

Da aka karya darajar kuɗin sefa, fentin Faransa ya fi ƙarfinsa. Ya koma haɗa jar ƙasa da ragowar fentin gida, kore ya ƙare masa. A watannin nan ne muka fara gane garuruwanmu a aikinsa. Shi kuwa bai so waɗannan zane-zanen ba, ya ce kamar ba a gama su ba.

Sai aka ba baƙi marasa katin zama wa'adin barin ƙasar. Babansa bai taɓa yankar masa takardar haihuwa ba, don haka a ofis baƙo ne. Ya yi ta sintiri da shaidu biyu, limami da telan, ana ce masa ya dawo. Wa'adin ya cika, ya yanki tikitin jirgin ruwa zuwa Kwatano ta ƙasar Benin.

Ana gobe zai tafi ya same ni a shago, ya tsaya har masu saye suka watse.

"Yaya, in an sauka Kwatano, wace mota ake shiga?"

Na yagi kwalin sukari na rubuta masa: Paraku, Gaya, Doso, Maraɗi. Ya tambayi wanda zai nema a can. Babu wanda na sani daga danginsa, sai na rubuta sunan ƙanena da unguwarmu a Maraɗi.