Kabar da Illo Ya Ɗaura a Makunni

Tsoro bai kama Kamilu ba sa'ad da aka fito da yarinyar daga ruwa. A lokacin gudu kawai yake yi yana neman mota. Sai da aka tafi da ita asibiti, harabar otal ɗin ta yi tsit, sannan Baba Illo mai gyaran inji ya fito daga ɗakin injin, tufafinsa na ɗigar ruwa, ya dubi ma'aikatan da suka yi cirko-cirko, ya ce, "Wa ya kwance kabar da na ɗaura ga makunni?"

Nan ne tsoro ya kama Kamilu. Ya juya ya dubi wani wuri. Shi ne da hannunsa ya kwance ta da safe.

Illo mutumin Argungu ne, ɗan gidan masunta. Ya iya nutso tun kafin ya iya ɗaura wando, kuma a ƙuruciyarsa ya sha faɗawa kogi da gora da homa, ragar masunta, ranar bikin kamun kifi, ko da yake bai taɓa kamo abin da za a ba shi kyauta ba. Da injinan ban-ruwa suka cika fadama, sai ya bar kifi ya bi ƙarfe. Ya koma Zauro, ya yi shekara ashirin da wani abu yana yawo da buhun sifana tsakanin gonakin shinkafa. Manoma sukan ce daga kan kunya yake jin ciwon inji. Idan boris ne ya san kukansa, idan mesa ce take shan iska ya san tarinta.

A fadama inji ɗaya yakan zama na mutum huɗu ko biyar, kowa da ranarsa. Wanda ya kwance wani abu a jikinsa ba ya barin takarda, domin ba kowa ke karatu ba, kuma raɓa takan cinye ta. Ganyen kaba yake tsagowa ya ƙulla a igiyar tayarwa. Ko yaron da aka aiko da fura ya ga wannan ƙulli ya san ba a taɓa injin sai mai ƙullin ya dawo.

Shekara shida ke nan da mai wannan otal na unguwar Gesse, wanda yake noma a Zauro, ya ɗauko shi. Injin da ke zagaya ruwan kwamin ninkaya ne ya ƙone sau biyu a wata guda. Illo ya tsuguna ya saurare shi, ya ce raguwar wuta ce ke kashe shi, kuma kwandon da ke tare datti ya cika da ganyen dogonyaro. Tun daga ranar injin ya zama nasa. Kullum sai ya zazzage kwandon, ya ɗora tafin hannu a bayan injin ya ji zafinsa, ranar Alhamis ya juya ruwa baya ya wanke tankin yashi. Idan wani abu ya toshe ramin da ke ƙasan kwamin, inda injin ke zuƙo ruwa, ba ya bari a zubar da ruwan. Riga yake tuɓewa ya nutsa, da furfurarsa.

Kamilu kuwa bana ya zo. Ya karanta ilimin sinadarai a jami'a, ya yi shekara uku a gida a Gwadangaji yana aika takardu, kafin a ba shi aikin auna ruwan da zuba magani. Ranar farko manaja Albashir ya ja shi gefe.

"Ka sa ido ga tsohon nan. Komai ya kwance sai ya sa a buhu ya tafi da shi. Ba wanda ya san abin da ke dawowa."

Kamilu ya sa ido. Ya ga buhun yana fita da nauyi, ya ga Illo ba ya bayani sai an matsa masa. Ya kuma ji ana raɗe-raɗin za a kawo wani kamfani ya karɓi aikin injin, kuma Illo ya sani. Tsohon yakan tsokane shi da safe.

"Injiniya, mi kwalabenka suka ce yau? Ruwan ga na da lahiya ko a kai shi asibiti?"

"Lafiyarsa lau, Baba."

"To madalla. Ni dai ɗanɗana shi nikai."

Kamilu yakan yi dariya, amma a ransa yana tunanin ko wasan nan rufa-rufa ce.

Ranar Asabar da abin ya faru, wata makaranta ta kama wurin don walimar yara. Kamilu ya iso da hantsi ya tarar da injin a kashe, ruwan ya soma dusashewa. Illo ba ya nan, wayarsa ba ta shiga. Albashir yana ta kai da kawowa yana cewa iyaye za su iso su ga ruwa kamar na kududdufi. Kamilu ya shiga ɗakin injin, ya ga wani busasshen ganye a ƙulle a makunni. Ya ɗauka ko tsohon ya yi wani surkullensa ne, ko kuwa da gangan ya kashe injin don a ji kunya a san darajarsa. Ya tsinke ganyen, ya jefar, ya kunna. Injin ya tashi lafiya, har ya ji daɗin kansa.

Abin da bai sani ba shi ne, murfin ramin da ke ƙasan kwamin ya tsage, kuma Illo ya nutsa ya cire shi tun jiya da yamma. Ramin a buɗe yake, yana zuƙa da dukkan ƙarfinsa.

Bayan azahar wata yarinya mai suna Salwa, 'yar shekara tara, ta nutsa ɗauko awarwaronta da ya faɗi. Ramin ya kama rigarta, ya manne ta a ƙasa. Malamai biyu suka shiga suna ja, ta ƙi tasowa. A daidai lokacin Illo ya sauka daga keke-napep a bakin ƙofa. Maigadi ya ce Illo bai ma ji ihun ba tukuna, ƙarar injin kawai ya ji, ya yar da buhunsa ya ruga. Ya kashe makunni, ya faɗa ruwan da tufafinsa, ya fito da ita ba ta numfashi. Wata malama ta yi ta danna mata ƙirji har ta yi aman ruwa, amma ba ta buɗe ido ba.

Kafin la'asar 'yan sanda sun zo. Suka tambayi Illo ina murfin. Ya ce ya kai shi Argungu wurin Tamba mai zubin tukwane, don a zuba masa irinsa na ƙarfe, tunda ba a samun na roba a kasuwa. Suka ce ya gaya wa wani? Ya ce ya gaya wa manaja jiya a bakin ofis.

"Ni?" in ji Albashir. "Wallahi ban ji ba. Mutumin da ya san za a sallame shi, me ba zai yi ba?"

Illo ya dube shi ya daɗe. Sannan ya juyo ya dubi Kamilu, ya shiga motar 'yan sanda.

Washegari Kamilu ya hau mota zuwa Argungu. Ya gaya wa kansa gaskiya zai nemo, amma ya san abin da zuciyarsa take so: kada a samu murfin. In ba murfi a wurin Tamba, to tsohon maƙaryaci ne, kuma ganyen da ya tsinke ba komai ba ne. Ya tambayi hanya har ya isa rumfar, a bayan kasuwa, inda ake narka tsofaffin gwangwanaye. Tamba ya saurare shi, ya ɗaga wani buhu. Ga tsohon murfin da tsagewarsa, ga sabon a gefe yana ƙyalli, an soma huda shi.

"Shi ya kawo shi jiya da sassahe," in ji Tamba. "Ya ce in yi sauri, yara na shiga ruwan. Na ce kada wani ya tada injin kahin ka koma. Ya ce a'a, ya ɗaura kaba." Ya dubi fuskar Kamilu. "Kai ɗan nan, lahiya? Ba a ga kabar ba ne?"

"An gani," in ji Kamilu.

"To wa zai ga kaba ya taɓa inji?"

A hanyar dawowa, yana rungume da murafan biyu a cinyarsa, ya yi ta juya sauran abin. Ko Illo ya gaya wa manaja da gaske? In ya gaya masa, to Albashir ya san ramin a buɗe yake sa'ad da yake tsaye yana matsa masa ya gyara ruwan. Bai taɓa cewa "kunna inji" da bakinsa ba. Kamilu ya tuna wannan sarai, kuma bai san ko sa'a ce ko dabara ba. In kuwa Illo bai faɗa ba, me ya sa dattijon da ya yi shekara shida cikin 'yan birni ya ɗauka kowa ya san yaren fadama? Ya kira Albashir sau uku. Sau biyu ba a ɗauka ba, na ukun wayar a kashe.

Bai je gida ba. Ya wuce ofishin 'yan sanda, ya ajiye murafan a kan tebur, ya ce shi ne ya kunna injin. Sai da ya ɓata takarda biyu kafin ya gama rubuta bayaninsa. Da aka bar shi ya leƙa inda Illo yake, ya same shi zaune a kan tabarma, rigarsa ta bushe a jikinsa.

"Baba, ni ne na kwance."

"Na sani, Injiniya. Tun jiya na gani ga idonka. Yarinyar hwa?"

Kamilu ya ce bai sani ba.

Ɗan sandan da ke kan tebur ya ce ba za a saki kowa ba sai babban jami'i ya dawo, shi kuma yana jiran abin da likitoci za su ce. An aika a nemo Albashir, ba a same shi a gida ba. Yanzu kwana biyu ke nan. Illo yana tsare, Kamilu yana zaune a kan bencin da ke waje da umarnin kada ya bar gari. Salwa tana asibiti tana numfashi da taimakon inji, kuma har zuwa safiyar yau ba ta farfaɗo ba.