Kwandon Ɗorawar Mairo

Duk wanda ya ci kasuwar Yankara a shekarun da arzikin man fetur ya fara hawa kan mutane ya san Mairo mai daddawa. Gajera ce, baƙa, ga faɗa. Ba ta ragi, ba ta gyara, in ka taya mata da raini ta bi ka da ido har ka bar layin, amma kafin la'asar faifanta ya zama wayam.

Ita da kanta takan ce daɗin ba daga hannunta yake ba, daga bakin rafi yake, gabas da gari, inda wasu ɗorayi suke tsaye tun zamanin kakarta. Ƙasar ba tasu ba ce, amma kowa ya san 'ya'yan itatuwan na matan gidansu ne, uwa ta bar wa 'ya. Munana ne, a faɗi gaskiya: gajeru, karkatattu, 'ya'yansu ƙanana a murɗe, kalwarsu ba ta kai rabin ta sauran ba. Sai dai shekarar babban fari, da ɗorayin gari suka zubar da fure suka tsaya haka nan, su sai da suka yi 'ya'ya. Da su ta riƙe gida, har da ƙanenta Almu, wanda ta goya tun rasuwar uwarsu, ta kuma yi masa aure da guminta.

Wata bazara labari ya zo cewa wani kamfani ya samu dajin nan, zai share shi da katafila ya yi babbar gona. Kafin a fara, wasu masu binciken itatuwa suka sauka a ƙofar mai gari. Suka ce ɗorawa ba duka ɗaya ba ce, dangi-dangi ce kamar mutane. Za su karɓi 'ya'yan kowane wuri, su je su shuka su gwada. Dangin da ya fita daban, wanda babu irinsa a wani gari, za a shafa masa jan fenti, katafila ta kewaye shi.

Da maganar ta iso wa Mairo, har da 'yar rawa ta taka a tsakar gida. In dai bambanci ake nema, ai nata sun tsira. Matsala ɗaya: ta riga ta dafe kalwar bana, dafaffiyar kalwa kuwa ba ta tsira. Kwando ɗaya ya rage mata na 'ya'yan da ba a ɓare ba. Mace ba ta kutsawa cikin taron maza a ƙofar mai gari, ko da bakinta ya kai na Mairo, don haka ta aika aka kira Almu. Ya zo da sabon agogo da wando mai faɗin ƙafa, yana ƙamshin turare. Ta ɗora masa kwandon a babur, ta ce ya miƙa hannu da hannu, ya ce na bakin rafi ne. Da yamma ya leƙo ya ce ya miƙa.

Damina ta zo ta wuce. Mairo ta cika kasuwa da cewa gwamnati ma ta san da ɗorayinta. Aka ga jan fenti a wajen Ketare, aka ga wani a hanyar Daudawa. Nata shiru. Ta ce layi ne bai zo kansu ba. Bayan an gama girbi, tun itatuwan ba su yi sabon fure ba, katafila ta shigo da hantsi. Kafin azahar suna kwance, saiwoyi a sama.

Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta wuce gidan Almu da ƙurar a ƙafarta, ta same shi yana wanke babur, ta tambaye shi abin da ya kai wa mutanen nan. Ya yi ta kame-kame, sannan ya miƙe, har da ɗan ɗaga murya irin ta mai gaskiya.

"Yaya, baƙi ne hwa daga birni, da mota. In aje masu wanga abu kamar kashin awaki gaban mai gari? Manya na sawo a kasuwa, masu kyau, na ce naki ne. Kunya na hidda ki."

Wannan yaron da ta tauna wa tuwo. Ranta ya ɓaci, amma ta danne, don wani tunani ya faɗo mata: in bai kai kwandon ba, to yana nan. Kalwa kan yi shekara ba ta mutu ba. Ko a bayan ɗaki ne za ta shuka, ko ba ta ci ba jikokinta su ci.

"To, ya wuce," in ji ta a hankali. "Ɗauko mani kwandona."

Almu ya sunkuyar da kai. Matarsa Zulaihatu, wadda ba ta san abin da ake ciki ba, ta amsa daga madafa da fara'arta.

"Ai na daɗe da dahwa kalwar nan na yi daddawa, Yaya. Ba ita na sa a miyar da na aiko maki da Sallah ba? Har kin ce ta yi daɗi."

Mairo ta tuna miyar. Ta yi daɗi kuwa, har sai da ta ƙara.