Tafintanmu na Kasuwar Ose

A Anacha aka haifi ɗan ƙanwata, ya tashi da yare uku a baki: Hausa, Ibo da Turancin buroka. Tun yana ɗan shekara sha biyu, in rigima ta tashi a layinmu na 'yan albasa a kasuwar Ose, shi ake kira. Mutum ya yi magana mai tsawon igiyar rijiya, yaron nan zai maido ta da Hausa ba tare da ya yar da kalma ɗaya ba. Ina alfahari da shi har ana yi mini tsiya.

Yana shekara sha biyar ya gano bayan motocin kaya, inda ake busa wiwi. Da na tsare shi, sai ya lumshe jajayen idanunsa ya ce, "Kawu, ba za ka gane ba, buɗe ƙwaƙwalwa take yi." Ta kuwa buɗe ta, duk abin da ke ciki ya zube. Babban masani! A aike shi sayo igiya, ya dawo da rake yana dariya.

Duk da haka, ranar da tsohuwar da ke da filin rumfata ta aiko nemana, shi na ɗauka. Wautata ke nan. Ibo kaɗai take ji, ni kuma shekara ashirin ban wuce gaisuwa ba. Ta daɗe tana magana, tana nuna kwata, tana ɗaga yatsu uku. Gogan naku yana ta gyaɗa kai kamar alƙali.

Na ce, "Me ta ce?"

Ya sosa ƙeya. "Ta ce ba komai, Kawu. No wahala."

Ashe cewa ta yi buhunana sun toshe kwata, in kwashe su cikin kwana uku ko in bar mata wurinta. Rana ta huɗu na tarar da albasata a cikin taɓo, wata mai attaruhu tana jera kwanduna a rumfar.

Ina durƙushe ina tsintar abin da zai tsintu, zuciyata na tafasa, ya iso yana hamma. Na ɗago zan wanke shi da mari, ya riga ni magana.

"Kawu, wai yaushe za mu je wurin tsohuwar nan ne?"

Na duba fuskarsa da kyau. Ba wasa yake ba. Hannuna ya sauka, na zauna a kan buhu, na yi kukan da ban yi wa rumfar ba.