Agwagwar da Ta Ce wa Muzuru "Ki"

A gidanmu na Sabon Gari, da an sauke tukunyar tuwo, kakarmu Inna Yalwa takan jawo kujerarta bakin murhu, mu jikoki mu kewaye ta muna ɗumama ƙafa. Matar nan ta iya tatsuniya, amma wallahi akwai mugunta. Tana da wata guda ɗaya da ba ta fito da ita sai ranar da ta ga annashuwa ta yi mana yawa.

"Ga ta nan, mai kunne ya matso," in ji ta, tana zungurar garwashi.

Wai wata shekara Muzuru ya rantse sai ya ƙarar da agwagin gari. Wata Agwagwa ta gudu akurkin kaji, suka shafa mata toka, suka cusa ta tsakiyarsu. Muzuru ya leƙo ya ce kowa ya gaishe shi. Da an zo kan Agwagwa, sai Inna ta karkace baki, ta maƙale murya: "Sannu da zuwa. Ki zauna, ki sha ruwa."

Wa zai iya riƙe dariya? Ƙaton Muzuru ana ce masa "ki"! Kullum ni ce mai fara fashewa, ita kuwa abin da take jira ke nan. Sai ta cafke kunnena ta murɗe har hawaye su zubo.

"Ga 'yar tsakon nan! Haka wata 'yar tsako cikin kajin ta yi dariya, ta ce ai ba 'ki' ake ce wa namiji ba."

Muzuru ya ja Agwagwa waje, gashinta ya cika tsakar gida, ya jefa wa 'yar tsako ƙwayar dawa ladan wayonta. Shi ke nan. Babu wanda ya hukunta Muzuru. Na tsani tatsuniyar nan, a irin ranakun har Inna na tsana.

Da na girma, na samu aiki a Samaru tare da masu naɗar muryar tsofaffin da suka ga rikicin da ya kai ga yaƙin basasa. Na je wa Inna da rikoda. Ta gyara zama.

"Kunna, Binta. Yau babu kaji."

Lokacin da Inna take ƙaramar yarinya, suna da maƙwabciya Ibo mai sayar da garin kwaki, Madam Uzo, wadda takan yi mata kitso. Ranar da gari ya rikice, mahaifiyar Inna ta ɗaura wa matar zani da kallabi, ta zaunar da ita cikin matan gida tana tsintar shinkafa. Maza suka shigo da adduna. Babbansu ya tsaya a kanta, ita kuma ta ce masa, "Ki zauna, ki sha ruwa."

"Bai ma ji ba, Binta. Har ya juya zai fita. Ni na yi dariya. Ni na gyara mata Hausa." Ta goge baki da gefen zani. "Da suka gama da ita, ya ba ni alewa. Kuma na sha. Ki rubuta maganarta yadda ta faɗa, abin da ya rage nata ke nan a duniya."

Ranar na gane kunnen kanta take murɗewa duk shekarun nan, ba nawa ba.

Na rubuta yadda ta ce, na miƙa a ofis. Inna ta rasu kafin a buga littafin hirarrakin. Da ya fito, na buɗe shafinta, sai na ga: "Ka zauna, ka sha ruwa."

Na nufi mai duba rubutu, wani dattijo mai kirki. Ya yi murmushi.

"Ai namiji take yi wa magana, 'yata. Kuskure ne, na gyara miki."

Na fito kunnena na zafi kamar yanzu aka sake shi. Ban taɓa jin kunyar iya Hausa ba sai ranar. Sau biyu ke nan muna gyara wa Madam Uzo magana, kuma duka biyun ba mu bar komai nata ba.