Ranar da Inna ta adana min intanet a langa

Ina gab da zura ƙwallo a raga, sai ɗan wasana ya sandare a talabijin.

Na zo hutu gida Kankiya da na'urar gem ɗina, muna karawa ta intanet da ɗan kawuna na Kusada. Na kashe na kunna, na tsine wa netwok, a banza. Shi kuwa sai kirana yake yana dariya, wai tsoro ne ya kama ni.

Na leƙa taga, inda na ajiye ɗan akwatin mayifai ɗin da ke ba ni intanet. Wayam!

"Inna, kin ga wani ɗan akwati mai ƙyafta wuta?"

"Na gani mana. Abu mai tsada ka bari bisa taga, ga hadari ya haɗo? Yana cikin langa ƙarƙashin gado, na rufe maka."

Langar ƙarfen da take ɓoye 'yan kunnenta na aure!

Ina fito da shi, gem ya kama gudu. Inna ta jawo kujera ta zauna gadinsa, da na lallasa mutumin Kusada kuwa har guɗa ta rangaɗa.

Ashe ba kamfani ba ne, ƙauna ce ta toshe min netwok. Ku fa, me aka taɓa adana muku haka?