Litinin ɗin da Kwamfutar Maraɗi Ta Ƙi Buɗewa

A shekarun da na kwashe ina aikin akawu, ranaku da yawa sun shige mini, amma akwai wata Litinin da har yau ta ƙi fita raina. Ku sababbin shiga aikin nan, gara ku ji labarinta daga bakina. In wani ya ba ku, zai rage mini laifi, ni kuwa ban cancanci ragi ba.

A lokacin ni ne mai buga takardu a wata makarantar sakandare a gefen Sabon Birni, ina mataki na shida na albashi. Baba Akawu kowa ke ce mini, daga shugaban makaranta har mai gadi. Da tafireta na fara, kuma duk takardar da ta fita daga makarantar nan, ta hannuna ta bi.

Kwamfutarmu guda ɗaya ce tak, irin ta tebur. Wani attajirin garinmu mai fatauci zuwa Nijar ya sayo ta a Maraɗi ya ba makaranta kyauta, don haka da Faransanci ta zo. Kibod ɗinta, wato allon da ake danna baƙaƙe, jerinsa ba irin namu ba ne: inda yatsa ya saba samun A, Q ce ke wurin, inda W take kuma Z ce. Na sha wuya kafin hannuna ya saba. Daga baya shayi ya zube wa kibod ɗin, aka kira wani mai gyara daga Sakkwato. Ya kawo kibod irin namu, ya juya mata harshe zuwa Turanci. Yana haɗa kayansa cikin gaggawa don mota na jiransa, ya ce mini cikinta ya gyaru, amma fuskar shiga, wadda ke tambayar kalmar sirri kafin a buɗe, har yanzu jerin Faransa take bi. Ya ce kada a sa mata kalmar sirri sai ya dawo. Bai dawo ba, mu ma ba mu taɓa sawa ba. Ni kaɗai na ji wannan magana.

Shekara biyu bayan haka aka kawo mana Lawali. Mutumin Kamarawa ne, magidanci mai 'ya'ya biyu, da difilomarsa ta kwamfuta. A matsayin wucin gadi aka ɗauke shi. Ga waɗanda ba su sani ba, ma'aikacin wucin gadi wata shida yake yi ana kallon aikinsa, sannan shugabansa ya rubuta masa takardar shaida a tabbatar da shi. In ba a rubuta ba, sai ya kama gabansa.

Sati ɗaya da zuwansa aka ɗauke kwamfutar daga teburina aka kai nasa. Ni aka bar ni da fayil-fayil da littafin shigar wasiƙu. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Shugaban makaranta, wanda a da in ya leƙo ofis sunana ya fara kira, sai ya koma "Ina Lawali?" Malamai su wuce ni da sallamar gefen baki, su je su kewaye shi yana tsara musu jadawalin da ni sai na wuni a kai, shi kuwa kafin shayinsu ya huce ya gama. Abin da ya fi ci mini rai, mutumin ba shi da abin zargi. Kullum sai ya rusuna ya gaishe ni, ya ajiye mini goro a bakin tebur. Da ya yi mini rashin kunya ko sau ɗaya, da na samu abin kamawa. Kishi ne zalla, ba za ni sa masa wani suna ba.

Ranar da na miƙa masa na'urar ya tambaye ni ko akwai wani halinta da ya kamata ya sani. Maganar mai gyara ta faɗo mini a take. Na ɗauke kai na ce, "Ai ku ne masu takarda, mi za mu koya muku?"

To, ga yadda Litinin ɗin ta kasance. Zango na biyu ne, lokacin da kowace makaranta ke miƙa sunayen ɗalibanta na ajin ƙarshe don jarabawar fita. Jami'in ilimi na shiyya ke zagayawa da kansa ya karɓa a buge, da sa hannun shugaba. Namu jami'in garin Isa zai koma, kuma kun san hanyar nan, ba mai son la'asar ta same shi a kanta. Tun sati guda ya aiko cewa zai iso da hantsi, ya tashi da an sallame azahar. Lawali ya yi kwana goma yana shigar da sunayen, kuma wannan ne babban aikinsa na farko. Saura sati biyu watansa shida su cika.

Akwai wata ɗabi'a tamu da kowa ya sani: da an kira salla ko an kaɗa ƙararrawar taro, sai kowa ya fice a bar ofis a buɗe. Rufe ƙofa a wurinmu tamkar ce wa abokan aiki ɓarayi ne. Da wannan damar wasu ke leƙa kwamfuta su duba makin ɗan ƙaninsu, har an taɓa samun wanda ya canza makin. Don haka da safiyar ranar, shugaba ya ce wa Lawali ya san yadda zai yi. Lawali ya sa wa na'urar kalmar sirri, ya kuma saita abin nan da suke ce wa sikirin seba, wato hoton da ke fitowa yana yawo in an bar kwamfuta ba a taɓa ba. Ya sa shi ya fito bayan minti biyar, kuma duk wanda ya motsa linzami, ɗan abin nan da ake ja da hannu a kan tebur, sai ta nemi kalmar sirri.

Ina jin duk abin da suke faɗa. Na ce a raina, wato ni za a kulle wa, ni da na raini na'urar nan. Yana gamawa ya taso wurina da fara'arsa.

"Baba, akwai abin da za ni nuna maka, minti ɗaya."

Ban ko ɗago ba. Na ce ina da aiki. Ya ɗan tsaya, sannan aka ce jami'i ya iso, ya fita tarbarsa.

Da ya dawo, kifaye ne ke yawo a fuskar kwamfutar. Ya motsa linzami, ta nemi kalmar sirri, ya buga, ta ce ba daidai ba. Ya sake a hankali, baƙi bayan baƙi, ta ƙi. Tun a bugu na biyu na san abin da ya faru. A ciki ya sa kalmar da jerin Turanci, yanzu kuwa fuskar shiga na karɓar bugunsa da jerin Faransa, kuma ba zai gani ba tunda ɗigo-ɗigo kawai ke fitowa. Magana ɗaya ce za ta warware. Na jawo fayil na buɗe, na ci gaba da duba abin da na riga na duba jiya.

Ku ji irin ƙoƙarin da bawan Allah nan ya yi, don tsarinsa daidai ne, kuma ku ma haka ya kamata ku bi. Ya duba madannin manyan baƙaƙe ko a kunne yake. Ya duba na lambobi. Ya zare wayar kibod ya mayar. Ya kashe na'urar ya kunna, ta sake tsayar da shi a ƙofa. Ya hau babur zuwa kasuwa ya aro wani kibod a shagon masu buga takardu, aka jona, babu canji, don ciwon ba a kibod yake ba. Ya nemi shiga ta asusun mai kula da na'ura, wato ƙofar masu gyara, ya tarar mai gyaran Sakkwato ya kulle shi da tasa kalmar, lambar wayarsa kuma ba ta shiga. Ya rubuta wa shugaba kalmar a takarda, shi ma ya gwada har sau uku.

Ni kuwa ina zaune. Kada in yi muku ƙarya, daɗi nake ji. Ina kallon rigarsa ta jiƙe a baya, ina cewa a raina yau difiloma ta gamu da gamonta. Na ce bari in bar shi minti goma ya ɗanɗana. Minti goma suka cika, na ƙara wasu. Can shugaba ya waiwayo ya tambaye ni ko ta taɓa yi mini haka. Na ce a'a, a hannuna ba ta taɓa yi ba. Gaskiya ce, amma irin gaskiyar da ta fi ƙarya muni.

Bayan nan sai abin ya zame mini tarko. In na yi magana yanzu, za a ce me ya hana ka faɗa tun ɗazu? Na ci gaba da juya fayil ɗina. Muka yi azahar, Lawali na gefena a sahu, ina jin numfashinsa. Aka sallame, jami'i ya duba agogo, ya ce shi ba zai kwana a hanya don sakacin wata makaranta ba, in mun gama mu bi shi da takardun, in an rufe kuma mu kuka da kanmu. Ya shiga mota ya tafi.

Shugaba mutum ne mai haƙuri, amma ranar an kunyata shi gaban na sama da shi. A tsakiyar ofis, gaban malamai, ya ce wa Lawali mutumin da zai manta kalmar da ya sa da hannunsa cikin rabin awa, shi ba zai iya sa hannu a takardarsa ba. Lawali ya ce bai manta ba, ranka ya daɗe. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, har ba a ji ƙarshen maganar ba.

Sai a nan jikina ya yi sanyi. Na tashi na ce a bari in gwada. Lawali ya miƙo mini takardar da ya rubuta wa shugaba. Na duba, na sake dubawa. Kalmar sirrin ita ce babaakawu, sunana.

"Don kada ta shige maka na sa shi, Baba," in ji shi. "Mu biyu ke aiki da ita. Shi ne abin da na zo nuna maka da safe."

Ban iya kallonsa ba. Na zauna, na aza yatsuna kamar yadda na saba a kibod ɗin Maraɗi, duk inda A take na danna Q, inda W take na danna Z. Bugu ɗaya ta buɗe. Ofis ya kaure da kabbara. Shugaba ya dafa kafaɗata ya ce tsohon hannu daban ne. Yabon da na yi wata biyar ina yunwarsa ke nan, ya zo, ni kuwa ji nake kamar in nutse.

Da na yi bayanin dalili, Lawali ya zauna, cikin minti biyar ya shiga wajen saitin harshe ya mayar da fuskar shiga jerin Turanci, abin da ni ban iya ba, ban ma san ana yi ba. Ya ƙara wa sikirin seba lokaci zuwa minti goma sha biyar. Ya buga sunayen. Washegari da sassafe ya hau babur ɗinsa ya kai su Isa, aka karɓa da ƙyar bayan faɗa. Ɗalibai ba su rasa komai ba.

Takardar shaida dai ba a rubuta ba, don a ganin shugaba Lawali ne ya jawo masa kunya gaban jami'i. Aka mayar da kwamfuta teburina. Sati biyun nan kullum sai na ce gobe za ni shiga wurin shugaba in faɗa masa gaskiya, kullum sai in tsaya a bakin ƙofarsa in koma da wata wasiƙa a hannu. Ina tsoron a ce Baba Akawu, da furfurarsa, shi ya yi haka.

Ranar da Lawali zai tafi, ya zo yi mini sallama. Ya ajiye goro a inda ya saba ajiyewa, ya rusuna. Ya kai ƙofa, ya juyo.

"Baba, wanga abu, tun da safe ka sani ko?"

Na ce e.

Ya gyaɗa kai, ya ce ya ga yadda na buga ba tare da na tsaya tunani ba. Bai ƙara komai ba sai, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya fita.

Ranar na shiga wurin shugaba na faɗa masa duka. Ya buɗe durowa ya nuna mini kwafin rahoton sallamar Lawali da ya riga ya tura kwana uku da suka wuce. Ya rubuta wani daga baya yana neman a dawo da Lawali, ni na buga masa da hannuna, amma an riga an ba wani gurbin. Na ji Lawali ya koma Kamarawa noma, yana kuma buga wa mutane takardu ranar kasuwa. Sau biyu ina aika masa saƙo da goro, sau biyu yana aiko da godiya.

Abin da na koya kuwa, na'ura ba ta ɓoye wa kowa komai, mu ne ke ɓoyewa. Kowace tsohuwar kwamfuta a ofis tana da halin da ba a rubuta ba, yana kan wani tsoho da ke zaune a kusurwa yana jin an manta da shi. In kun karɓi aiki, ku tambaye shi, ku sake tambaya. In kuma ku ne za ku miƙa, ku rubuta komai a takarda ku miƙa tare da makulli, tun kafin zuciyarku ta ba ku wata shawara. Kuma duk kalmar sirrin da kuka sa, ku kulle ku gwada buɗewa nan take, ba ranar da jami'i ke zaune yana jira ba.

Ni dai na yi shekara huɗu da na'urar nan bayan tafiyarsa. Shugaba ya sha ce mini in canza kalmar tunda kowa ya ji ta, ban canza ba. Kowace safiya, har ranar da na ajiye aiki, sai na buga sunan da Lawali ya sa kafin ta bar ni in shiga.